Ku Tambayi Anti: Ni Ban Yi Karatu Ba, Ta Yaya Zan Taimaki Yarona a Makaranta?

Assalamu alaikum iyaye da masu riƙon yara. Wannan karon saƙonnin da suka fi yawa duk kan karatun yara suka tsaya, to na tsamo guda biyar da na ga damuwarsu ta shafi gidaje da yawa. Kamar kullum ba ma saka sunan kowa.

TAMBAYA TA FARKO

Anti barka da aiki. Ni dai ban yi nisa a boko ba, firamare ma ban ƙarasa ba, yanzu babban yarona yana aji huɗu, in ya kawo min aikin da aka ba shi a makaranta wallahi ban san ta inda zan fara ba, sai in ce ya jira babansa, shi kuma sai dare yake shigowa a gajiye. Ji nake kamar na cuci yaron nan. Akwai abin da irina za ta iya yi kuwa?
Daga wata uwar yara uku

AMSA

'Yar'uwa ki fara cire wannan maganar ta cuta daga ranki, ba ki cuce shi ba. Uwar da ta damu har ta sa aka rubuto min wannan saƙon ai ba ita ce abin tausayi ba. Koyar da darasi aikin malami ne, naki aikin daban ne kuma babu malamin da zai iya yi miki shi komai iliminsa.

Ba lallashinki nake ba, an bincika abin nan sosai. A 2003 ma'aikatar ilimi ta Ingila ta sa Farfesa Charles Desforges da abokin aikinsa suka tattara binciken da aka yi kan rawar iyaye a karatun yara, abin da suka fito da shi shi ne a shekarun firamare irin kulawar da yaro ke samu a gida, wato hira da shi, kwanciyar hankali, nuna masa karatu abu ne mai daraja, ta fi tasiri a sakamakonsa fiye da bambancin da ke tsakanin wannan makaranta da waccan, kuma haka abin yake a gidan mai hali da gidan marar hali. Sai kuma 2009, Nancy Hill da Diana Tyson a Amurka suka haɗa bincike 50 kan yaran da suka ɗan girmi naki, 'yan farkon sakandare. Cikin duk abubuwan da iyaye ke yi, wanda ya fi tafiya tare da sakamako mai kyau shi ne iyaye su riƙa zama da yaro suna maganar amfanin karatun, me yake so ya zama, me suke sa ran zai yi. Zama a taya yaro aikin gida, wanda shi ne yake hana ki barci, shi ne ya zo ƙarshe.

Kin taɓa jin sunan Ben Carson? Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne a Amurka da ya yi ritaya, shi ya jagoranci aikin raba wasu tagwaye da aka haifa kansu a haɗe a asibitin Johns Hopkins a 1987. Shi da bakinsa yake faɗa cewa yana yaro shi ne na baya a aji, mahaifiyarsa kuma a aji uku na firamare ta tsaya. Ta rage musu kallon talabijin shi da yayansa, ta ce duk sati kowa ya karanta littafi biyu ya rubuto mata abin da ya fahimta, in sun kawo ta karɓa ta duba ta yi 'yan alamomi a jiki ta mayar musu, sai daga baya suka gane ashe da ƙyar take iya karanta abin da suke rubutawa. Su dai abin da suka sani shi ne akwai mai jiran takardar nan duk sati.

To ga abin da nake so ki fara daga gobe. In ya dawo ya huta, kar ki ce "yaya makaranta", don amsar ɗaya ce, "lafiya lau", shi kenan an rufe zance. Ki ce ya ɗauko jakarsa ku buɗe tare. Ko ba ki iya karanta rubutun ba idonki na ganin jan biron malami, yana ganin shafin da aka fara aka bari rabi, yana ganin littafin da tun farkon zango shafi biyu kawai aka rubuta a ciki. Ki ɗora yatsa ki ce "nan me aka ce ku yi, me ya sa malam ya zagaye wannan?" Sannan ki ce masa "ni ban samu na yi ba, zo ka koya min abin da aka koya muku yau". Za ki ga yadda yaro zai gyara zama. Kuma duk wanda ya yi wa wani bayanin abu da bakinsa, abin ya fi zauna masa a kai, wurin da ya kasa bayani kuma nan ne bai gane ba, sai ki ce gobe ya tambayi malam ya dawo ya faɗa miki, ki kuma tuna ki tambaye shi goben, wannan tunawar ita ce rabin aikin.

Ki yanke masa lokaci ɗaya kullum, ko minti talatin ne, wanda a cikinsa ba aike, ba talabijin, ba a miƙa masa ƙani ya riƙe. Kuma don Allah kar ki daina yi masa doguwar hira da labarai da harshen da kuke yi a gida wai don kar ki ɓata masa na makaranta. Yaron da ya saba sauraron labari ya mayar da shi daki-daki, ya saba tambaya a amsa masa, wannan sabon yana bin sa har cikin aji ko da wane harshe ake koyarwa. Shi kuma maigidan, ko minti biyar ya samu kafin ya kwanta ya leƙa littafin ya ce "na gani", ya wadatar.

TAMBAYA TA BIYU

Malama ina yi miki fatan alheri. Ɗana yana aji shida, zango uku a jere yana zuwa a cikin na ƙarshe-ƙarshe. Na yi faɗan, na yi dukan, na hana shi fita wasa, ba abin da ya canza sai ma ya daina magana in ina gida. Ni ina ganin daƙiƙi ne kawai. Me ya rage?
Daga wani uba

AMSA

Malam na gode da ka faɗi gaskiya ba ka ɓoye ba, ni ma zan faɗa maka ita. Ka ajiye bulalar nan. Zango uku kana gwada magani ɗaya bai yi ba, kuma kai da kanka ka ga abin da ya haifar, yaro ya koma yana shiru in ya ji motsinka. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara binciken shekaru kusan 50 da ya shafi yara sama da 160,000, ba su samu cewa duka yana gyara halin yaro ba, abin da suka samu yana tafiya da shi shi ne ƙarin taurin kai, damuwa, da lalacewar shaƙuwa tsakanin yaro da iyayensa. Ka duba ma da hankali, in yaro bai iya raba lamba ba, duka ba zai saka masa ita a kai ba, abin da zai koya kawai shi ne ɓoye maka takardar sakamako. Kalmar daƙiƙi ma ka daina faɗa a gabansa, yaro yana yarda da abin da ubansa ya kira shi.

Kafin ka yanke hukunci kan ƙwaƙwalwarsa akwai abubuwan da za ka duba, na farko kuma mafi girma: shin ya iya karatu? Kar ka ce ai yana aji shida. Rahoton da Bankin Duniya da UNESCO da UNICEF da wasu hukumomi suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kusan kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Ana ta ciyar da su gaba aji bayan aji, suna kwafe abin da ke kan allo tsaf-tsaf, rubutu mai kyau, amma ba su san me suka rubuta ba. Irin wannan yaron zai faɗi kimiyya, ya faɗi tarihi, ya faɗi har lissafin da aka rubuta tambayarsa da kalmomi, a ɗauka darasi shida ne ke ba shi wuya alhali matsala ɗaya ce. Gwajin mai sauƙi ne. Ka samo littafin 'yan aji biyu ko uku, wanda bai haddace ba, ranar da kake cikin raha ba ranar da aka kawo sakamako ba, ka zauna kusa da shi ka ce ya karanta maka layi biyar a fili. Ka saurara, yana tafiya sumul ne ko yana cije harafi ɗaya-ɗaya, yana kallon hoto yana cankar kalma? In ya gama ka rufe littafin ka ce ya ba ka labarin abin da ya karanta. In ya kasa, to ka gano bakin zaren, kuma gyaran shi ne a koma baya a koya masa karatun daga tushe, minti ashirin kullum, ba tare da ka ji kunyar cewa ɗan aji shida na riƙe da littafin aji biyu ba. In kuma an yi watanni ana wannan da gaske har yanzu haruffa na rikice masa alhali a magana da sauran al'amura yana da wayo, akwai lalurar da ake kira disleksiya, ba ta da alaƙa da ƙarancin basira, sai a nemi masani ya duba shi.

Na biyu ido da kunne. Yara da yawa ba sa ganin allo daga baya kuma ba sa faɗa, don su a zatonsu haka kowa yake gani. In yana ƙanƙance ido, ko yana manna littafi a fuska, ko sai an kira shi sau uku, a kai shi asibiti a auna. Ƙarancin jini da tsutsar ciki ma suna sa yaro kasala da rashin natsuwa a aji, likita zai iya dubawa. Na uku barci, ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kwana. Ka lissafa nawa naka yake samu. Na huɗu fashi, kwana biyu kacal a wata in aka tara ya kai kusan kashi 10 cikin 100 na shekarar karatu, kuma darasi irin lissafi hawa-hawa ne, wanda ya rasa na yau ba zai gane na jibi ba. Ka bincika kuma ko wasu na cin zalinsa a makaranta, yaron da ke tsoron lokacin tashi ba ya jin abin da ake faɗa a aji.

Daga nan ka je wurin malaminsa da ƙafarka, kar ka aika. Ba faɗa za ka je ba, kuma kar ka tsaya a "yaya yaron nan yake", ka tambayi a wane darasi ya fi rauni, a ina yake zama a aji, yana ɗaga hannu kuwa, wane abu ɗaya ne za mu riƙa yi a gida. Ka roƙi a dawo da shi gaba in da hali. Sannan ka rage kallon na nawa ya zo, ka riƙa kallon makinsa, don ko duk ajin sun ƙware dole wani ya zo na ƙarshe. In ya tashi daga 30 ya koma 42 ka nuna masa ka gani.

Shirun da yake yi in kana gida kuwa, shi ya fi damuna a duk wasiƙarka. Ka nemi wani abu da za ku riƙa yi tare wanda ba ruwansa da makaranta, har ya sake sakin jiki da kai, don in yana tsoronka ba zai taɓa ce maka "Baba ban gane ba".

TAMBAYA TA UKU

Anti 'yata tana aji biyu, aikin gida kullum sai kuka, ƙarshe ni nake yi mata ta kwafe don mu huta. Laifi ne? Ko in ɗaukar mata mai lesin?
Daga wata uwa ma'aikaciya

AMSA

Na san gajiya ce ƙanwata, amma ki daina. Malama tana duba aikin ne don ta san me yarinya ta gane, in kullum tana ganin komai daidai za ta wuce gaba ta bar ta a baya. Gara ta kai shi da kuskurenta. Ki zauna kusa, ta karanta tambayar da kanta, ki tambaye ta "me ake so ki yi a nan", in ta maƙale ki yi mata misali da wata tambayar daban ba wadda aka ba ta ba. Harris Cooper na jami'ar Duke, wanda ya daɗe yana bincike kan aikin gida, ya nuna amfaninsa a makin 'yan firamare kaɗan ne, sai a sakandare yake ƙaruwa, kuma ƙa'idar da yake goyon baya ita ce kamar minti 10 ga kowane aji, wato 'yar aji biyu minti 20. In ya wuce haka sosai tana kuka, ki rufe littafin ki rubuta wa malama 'yar takarda cewa nan ta tsaya. Lesin kuma sai kin san takamaiman abin da za a gyara, in ba haka ba mai lesin zai karɓi aikin da kike yi ne kawai, ya yi mata ta kwafe.

TAMBAYA TA HUƊU

Anti yarana biyu, ƙaramin kullum na ɗaya, babban kuma sai a hankali. Ina yawan ce wa babban ya dubi ƙaninsa ko zai yi zuciya, amma yanzu ko ga maciji ba sa yi. Ƙaramin kuma ranar da ya zo na uku kwana ya yi yana kuka ya ce ba zai koma ba.
Daga Maman samari

AMSA

Maman samari, duka biyun suna buƙatar ki canza harshe. Gori ba ya sa yaro zuciyar karatu, zuciyar ƙin ɗan'uwansa yake sa shi, kin ga alama da idonki. Ki auna kowa da jiyansa, kuma sakamakon kowa ki duba shi da shi kaɗai ba a gaban ɗayan ba.

Ƙaramin ma ina jin tsoron masa. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun yi wani gwaji da 'yan aji biyar a Amurka, aka ba yara tambayoyi suka yi, wasu aka ce musu "lallai kana da ƙwaƙwalwa", wasu aka ce "lallai ka yi aiki tuƙuru". Da aka ba su zaɓi, yawancin waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa suka zaɓi aiki mai sauƙi don kar su faɗi a daina ce musu masu basira, da aka kawo mai wuya kuma suka fi saurin karaya, har kusan kashi 40 cikin 100 nasu suka ƙara makinsu da ƙarya lokacin da aka ce su faɗa wa wasu yara abin da suka ci. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari su suka fi jurewa. Yaron da tun yana ƙarami ake kiransa mai kwanya, ranar da ya zo na uku ji yake an ƙwace masa sunansa. To ki riƙa yabon abin da ya aikata, "na ga ka sake gwada lissafin nan sau uku har ya fita", "na ga ka gyara inda malam ya nuna maka". Irin wannan yabon babban ma zai iya samunsa yau ɗin nan ba sai ya zo na ɗaya ba, amma fa ya zama gaskiya, yara suna gane yabon da aka yi don a rufe musu baki.

TAMBAYA TA BIYAR

Malama 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare, in jarabawa ta matso kwana take tana karatu har asuba, amma in ta shiga sai ta ce komai ya gudu. Anya lafiya?
Daga wani uba mai damuwa

AMSA

Lafiya lau in sha Allahu Malam, ƙoƙari tana da shi, hanyar ce ba daidai ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da mutum ya haddace yana zubewa da sauri a awannin farko da kwanakin farko, sai in ana waiwayarsa a tsakani. Awa shida a dare ɗaya ba ta kai awa ɗaya-ɗaya a kwana shida ba. Sannan maimaita karanta shafi yana yaudara, ido ya saba da rubutun sai mutum ya ji kamar ya iya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai, wasu suka yi ta maimaita karanta rubutu, wasu suka karanta suka rufe suka rubuta abin da suka tuna. Bayan minti biyar masu maimaitawa ne a gaba, amma bayan sati ɗaya masu rufe littafi su gwada kansu suka wuce su da nisa.

Nan kai ma kana da aiki. Ta karanta babi, ta miƙo maka littafin, kai ka riƙe kana jefo mata tambaya daga ciki tana amsawa da ka, wadda ta kasa ku sa mata alama ku dawo kanta bayan kwana biyu, sannan bayan sati. Ta samo tambayoyin jarabawar shekarun baya ta riƙa amsawa da agogo a gabanta ba tare da leƙa amsa ba, don tsoron zauren jarabawa ma da sabo ake rage shi. Kwanan zaune kuma a daina, masu shekara 13 zuwa 18 awa 8 zuwa 10 ake so su samu, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. In tana da waya, ta kwana a caji a wajen ɗakinta. Ka kuma yi magana da mahaifiyarta a rage mata aikace-aikacen gida a watannin nan a raba wa sauran yaran har da mazan, wataƙila abin da ya sa take karatun dare ke nan, da rana ba ta samun sukuni. In kun gwada wannan na tsawon wata guda, ka rubuto min yadda tes ɗinta na gaba ya kasance.